Yadda Ake Jinyar Batirin Maƙwabciya Ba Tare da Ya Warke Ba

Kai da ka ɗauki takardar nan, na san damuwarka. Akwai wata ƙofa a tsallaken titinku da kake son ƙwanƙwasawa, amma ba ka da dalili. Kwantar da hankalinka, ka zo wurin masu abin. Sunana Myron Kozak. Shekara talatin da huɗu na yi ina tayar da motocin share ƙanƙara a nan garin Dauphin na yankin Manitoba kafin gwiwa ta ce in zauna haka nan. Ina ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan yadda na jera su, za ka sha gahawa a kicin ɗin da ranka ke so aƙalla sau uku a mako, daga Nuwamba har ƙarshen Maris. Hunturu uku na gwada a kan mace ɗaya da batir ɗaya, ban taɓa komawa gida da ƙishi ba.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da ya haɗa ka da batir

A garinmu namiji ba ya zuwa gidan mace don gaisuwa kawai. In ka je hannu rabbana, kafin ka cire takalmi labari ya isa shagon aski. Amma in da ƙarfe a hannunka, shebur ko sifana ko waya, to aiki ka je yi, kuma ba mai ɗaga ido ya dube ka. Ubana haka ya nemi uwata, da gyaran famfon rijiya.

Tawa ƙofar ta Verna Thiessen ce, gida mai koren rufi da ke kallon nawa. Mijinta Abe ya rasu shekara huɗu da suka wuce, matata Halyna ta riga shi da shekara biyu. Tun daga nan gidana ya yi shirun da har firij nake ji yana numfashi. Ba wani abu nake nema ba, minti ashirin ne a kan kujerar kicin ɗin Verna, da burodin kirfa mai zafi, da muryar mutum tana gaya mini cewa hulata ta tsufa. Idan na rasa wannan, sai in wuni ban furta kalma ba sai ga rediyo. Ka riƙe wannan a ranka, don duk abin kunyar da zan koya maka a gaba saboda shi ne.

Mataki na biyu: Ka zaɓi batir mai ciwo, ba matacce ba

Batir mai lafiya ba ya da amfani a gare ka. Matacce kuma ya fi muni, don ranar da ya mutu za a sayo sabo, a sallame ka shekara biyar. Abin da kake nema shi ne na tsakiya: wanda ke tayar da mota ranar da sanyi ya yi sauƙi, ya ƙi ranar da ma'aunin sanyi ya sauka talatin ƙasa da sifili.

Ka duba takardar da aka manna a jikinsa. In ya haura shekara huɗu, abin nema ya samu. Na Verna yana cikin ta biyar ranar da na fara ganinsa, Abe ne ya sa shi da hannunsa a tsohuwar motarsu. Ina tsaye a tagata na ji ta murɗa makulli, injin ya yi tari sau biyu irin na mai mura, sannan ya koma ƙas-ƙas-ƙas. Ban san lokacin da na sa takalma ba.

Mataki na uku: Ka auna, amma ka juya fuskar mita wajenka

Gwani ba ya fita ba mita a aljihu. Ka ɗora jan tsinke a kan batir mai alamar tarawa, baƙin a ɗaya kan, ka karanta. Sha biyu da ɗigo shida, batir a ƙoshe yake. Da ɗigo biyu, rabin cikinsa yunwa ce. In ya sauko ƙasa da sha biyu, ka fara yi masa addu'a.

Waɗannan lambobi naka ne kai kaɗai. Ka riƙe mitar a ƙirji, ka ɗan ɓata fuska, ka ce, "Hmm." Wannan "hmm" ita ce rabin sana'ar. In ta tambaya, kada ka yi ƙarya, ƙarya aikin ƙananan makanikai ce. Ka ce sanyin bana ne ba shi da kirki. Gaskiya ce, kuma kowace shekara tana nan gaskiya.

Da na fara yi wa Verna, ta tsaya a bayana cikin rigar sanyin Abe da ta kai mata gwiwa, ta ce, "To likita, zai yi rai?"

Na ce, "Yana buƙatar a riƙa duba shi."

Ta ce to, ai ga ni kusa.

Mataki na huɗu: Ka yi aikin ƙwarai, a hankali

Kada ka kuskura ka cuci batirin da hannunka. Ba ka kwance waya, ba ka barin fitila a kunne. Mu masu kulawa ne, ba ɓarayi ba. Aikinka shi ne ka hana shi mutuwa. Farin garin nan mai kore-kore da ke taruwa a kawunansa, ka wanke shi da ruwan ɗumi da hodar soda ta masu gasa burodi, wadda dole sai ka shiga kicin ka roƙa. Ka goge da tsohon burushin haƙori, ka ɗaure noti, ka shafa ɗan girisi. In mai marfi ne, ka leƙa ruwan cikinsa, ka ƙara tataccen ruwa in ya ja baya. Kuma ka tabbata ba ya kwana da yunwa sosai, don batirin da ya zube yakan daskare, wanda ya daskare kuwa ba mai jona masa waya sai mai neman rasa gira, don fashewa yake yi.

Sai bikin jona wayoyi. Ka kawo a-kori-kurarka hanci da hanci da motarta. Ja a kan jan mara lafiya, ɗaya jan a kan naka. Baƙa a kan naka, baƙar ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injinta, nesa da batirin. Yaro zai yi wannan cikin minti biyu. Kai ka yi shi cikin goma, kana warware waya kamar mai shirin kamun kifi.

Da motar ta tashi, ga jimlar da za ka haddace: "A bar ta ta yi minti ashirin tana aiki." Daga nan ba sauran abin da za ka yi. Ba macen kirki a Manitoba da za ta bar dattijo a tsaye cikin sanyi minti ashirin alhali tukunyar gahawa na kan wuta.

Mataki na biyar: Ka san shawarar da za ka haɗiye

Minti ashirin a tsaye ba ya cika batir. Na sani, kai ma yanzu ka sani. Abin da ke cika shi tafiya ce mai nisa, ko ƙaramar na'urar caji da ake jona masa ya kwana da ita. Ina da irinta guda biyu rataye a garejina, bayan wani tsohon kalanda. Verna kuwa iyakar tafiyarta kanti da coci da gidan waya, duk cikin minti biyar, da fitilu da hita da abin ɗumama kujera a kunne. Batir yana ba da cokali uku, ana mayar masa da ɗaya.

A nan ne masu raunin zuciya ke faɗuwa. Za ta miƙo maka burodi na biyu, lamirinka ya ce ka gaya mata. Ka cika bakinka da burodin. Mai tauna ba ya ba da shawara.

Mataki na shida: Ka yi hattara da 'ya'ya

Duk bazawarar da ta kai shekara sittin da tara tana da 'ya a birni, kuma 'yar nan ba ta yarda da kai ba. Ta Verna sunanta Colleen, tana aiki a birnin Brandon, tana zuwa kowane wata da kayan miya da shawarwari. A hunturu na uku ta same ni da kaina a cikin bonet, ta tsaya tana kallona hannu a ƙugu.

Ta ce, "Mista Kozak, wannan karo na nawa ke nan a watan nan?"

Na ce ban cika ƙirga alheri ba.

Ta ce ita ta ƙirga, sha ɗaya ne, kuma ba za ta bar uwarta da motar da sai an yi mata wankan jego kowace safiya ba. Ta riga ta samo mata wata, ta hannu amma mai kyau, irin haibirid ɗin nan da ke shan fetur tana haɗawa da lantarki. Wai tana da wani ƙaton batir a ƙarƙashin kujera wanda ba ruwansa da sanyi.

Na yi iya ƙoƙarina. Na ce irin waɗannan motoci ba su da sauti, barewa ba ta jin zuwansu. Na ce ba a san inda ake taɓa su ba. Na ce Abe ba zai so ba, kuma wannan ita ce maganar da na fi jin kunyarta har yau. Verna kuwa tana ta goge tebur ɗin da ba abin da ya zuba a kansa. Ranar Asabar aka kawo motar, fara tas, aka ja tsohuwar aka tafi da ita da batirina a ciki.

Mataki na bakwai: In haibirid ta zo, ka yi baƙin ciki mako uku, sannan ka karanta littafinta

Mako uku ina tsaye a taga da ƙarfe takwas. Verna ta fito, ta danna maɓalli, motar ta sulale ba ko tari, ta ɗago mini hannu ta wuce. Na share mata ƙanƙarar ƙofa sau biyu, amma shebur ba ya kai mutum kicin, iyakarsa a gode maka ta taga. Na koma cin miyar gwangwani a tsaye. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kewarta ƙwarai, ga ta kuma taku arba'in daga ƙofata.

Ranar Laraba na je ɗakin karatu na gari, na sa yarinyar da ke wurin ta buɗe mini littafin irin motar a kwamfuta. A shafi na ɗari uku da wani abu na yi dariyar da ta sa aka juyo ana kallona. Ashe duk girman kan motar nan, tana da ɗan ƙaramin batir irin namu na gargajiya, mai dalma da ruwan asid, a ɓoye cikin but, wato wurin kaya na bayan mota. Ba ya murɗa inji, aikinsa kawai ya tashi kwamfutar motar daga barci. In ya zube, ƙaton nan na ƙarƙashin kujera ko a cike yake bam ba abin da zai iya. Kuma ba ya gargaɗi. Namu na da yakan yi tari, ya yi nishi, ya ba ka mako biyu kana shiri. Wannan jiya lafiya, yau shiru.

Na sami dabarar auna shi ranar da na taya ta sauke buhun gishirin narkar da ƙanƙarar hanya daga but. Shekararsa biyar, mita ta ce sha biyu da ɗigo ɗaya. Na rufe murfin, na ce mata mota ce mai kyau.

Abin da ya kamata in ce shi ne: a canza shi kafin ƙarshen wata, ko a riƙa kunna motar rabin awa duk bayan kwana biyu. Ban ce ba. Na koma gida ina fito, na sauko da wayoyina na goge su.

Mataki na takwas: Kada ka zaɓi ranar, don batir shi ke zaɓa

Verna ta yi mura, motar ta yi kwana goma ba a taɓa ta ba. Ranar da ta tashi fita kuwa ita ce ranar auren jikarta Renée a Brandon, tafiyar awa biyu, za a fara ƙarfe ɗaya. Na san da auren, har kati aka ba ni na ce gwiwa ba za ta bar ni ba, don ban san a matsayin wa zan zauna ba.

Ƙarfe goma da rabi na gan ta ta fito cikin shuɗiyar riga da takalmi mai tsini, da tire uku na burodin biki. Ta danna makulli, ƙofa ba ta buɗe ba. Ta buɗe da ƙaramin makullin ƙarfe, ta shiga, ta danna maɓalli. Ko fitila ɗaya ba ta kawo ba. Abin da na yi mako shida ina jira ya zo.

Na tsallaka da wayoyi a kafaɗa. Na nufi but, but ya ƙi buɗewa, don shi ma da lantarkin ɗan batirin nan yake aiki. Gwani ba ya nuna ya rikice. Na ce akwai hanya ta ciki. Na kwantar da kujerun baya, na cusa kaina da kafaɗuna, na ja ciki ina laluben abin da ake ja da hannu. A nan gwiwata ta ƙulle. Na tsaya rabi a but rabi a kujera, fuskata a kan tayar ko-ta-kwana, ƙafafuna a waje suna kallon titi.

Verna ta ce, "Myron, kana da rai?"

Na ce ina nazari ne.

Ban san ko duhun ne, ko don ba na ganin fuskarta ba, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na gaya mata komai: mitar da nake juyawa, na'urorin caji biyu da ke bayan kalanda, da sha biyu da ɗigo ɗayan da na gani na yi shiru. Na ce in ta rasa auren jikarta ni ne sila, kuma duk don gahawa na yi, don ban san wata hanyar shiga gidanta ba.

Sai na ji ta buɗe bonet. Ta dawo ta zare wayoyin daga ƙarƙashin ƙafata, ta ce akwai wurin jonawa a gaba, cikin akwatin fiyus, ƙarƙashin jan murfi, ashe yana nan a shafin da ke bin wanda na karanta a littafin motar. Ta karɓi makullin a-kori-kurata daga aljihuna, ta matso da ita, ta jona ja da baƙa cikin takalmi mai tsini ba ta tambaye ni komai ba. Fitilun motar suka kawo, but ya buɗe, haske ya sauka a kan fuskata.

Ta tsaya tana dubana daga sama, ta ce, "Shekara ashirin da biyu ina raba wa direbobin bas na makaranta makulli da asuba. Kana tsammanin ban san kukan batir mai mutuwa ba? Tun hunturun farko Colleen ta sayo mini sabo. Yana can ɗakin ƙasa kusa da kwalaben jam, a kan caji, ina duba shi duk ranar Lahadi."

Na ce, "To me ya sa ba ki sa shi ba?"

Ta ce, "Kai dai ja ƙafarka, na makara."

Ta ja ni ta bel har na fito. Ta jera tirenta, ta zauna, ta sauke gilashi. Ta ce laifin tsohuwar motar mu biyu muka yi shi, amma na yau nawa ne ni kaɗai, kuma ranar Litinin zan sa mata sabo da hannuna, in ajiye mitar inda za ta ga lambar. Sannan ta ce, "Gobe ƙarfe takwas ka zo. In na leƙo na ga waya ko shebur ko ƙusa ɗaya a hannunka, ba zan buɗe ba."

Ta isa coci ana waƙa ta biyu. Colleen har yau in ta gan ni sai ta tambayi lafiyar gwiwata da wata irin murya.

Mataki na tara: Babu

Na nemi shawarar da zan ba ka a nan ban samu ba, don ba a rubuta wannan a littafin kowace mota ba. Na fito ƙarfe takwas saura biyar. Taku arba'in ne, amma ban taɓa sanin hannuwana na da nauyi haka ba. Na sa su a aljihu, na fitar, na harɗe su a baya. Matar Delbert ta gida na uku ta ɗaga labule ta kalle ni tun daga ƙofata har tsallake, ban fasa ba.

Verna ta buɗe kafin in ƙwanƙwasa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga yadda nake murza yatsu, ta tura mini kwanon dankali da wuƙa ta ce in fere, tunda ba zan iya zama kamar mutane ba. Ba motar da ke aiki a waje, saboda haka ba abin da zai ce minti ashirin sun cika. A wajen dankali na shida ta tambaye ni wace irin mace ce Halyna in ta yi fushi. Shekara shida ba wanda ya tambaye ni komai game da ita, kowa na tsoron kada in yi kuka. Na yi ɗin kuwa, kaɗan, sannan na ba ta labari har gahawa ta huce aka ɗora wata.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin daskararren batir, ko ƙonanniyar gira, ko ƙullewar gwiwa, ko fushin 'ya'yan da ke zaune a Brandon. Tabbacin da aka bayar a farko ya shafi gahawa ne kawai. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari yana fere dankali a gidan mutane har azahar, garin duka ya sani, kuma ya ga bai damu ba, to kada ya zo ƙofata da ƙorafi. In ma ya zo da safe, ba zai same ni a gida ba.